Layin da Gwaggo Ta Ɗora a Sama

Tun da na yi wayo ban taɓa ganin Gwaggo ta gama cin abinci a zaune ba. Ƙanwar mahaifina ce, autarsu. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana buga tafireta a ofis, kuma ina jin a kujerar nan ta cinye duk rabonta na zama a duniya. In ta zo gidanka, kafin ka kawo mata ruwa ta gyara maka labule, ta jera takalma, ta gaya maka kalandarka ta wuce wata. Ina son ta, amma wallahi tana gajiyar da ni.

Haushi ne ya kai ta ga harkar saba. Wani kamfani da take ajiye hotuna a wurinsa ta intanet ya rufe mata shiga bayan layin wayarta ya ɓace. Ta yi ta aika saƙo, na'ura na ba ta amsa, hotunan shekara takwas suka bi ruwa. Ta rantse ba za ta ƙara ba wa wanda ba ta san fuskarsa ba ajiya. Sai ta sauka wurin mai gyaran kwamfuta da ke ƙasan benen da take haya, ta tsaya masa a ka.

"Hajiya, saba ba wani abin tsoro ba ce," in ji shi. "Kwamfuta ce da ba a kashewa. Wayoyi su zo ta intanet, su ɗauki abin da ke cikinta."

"Shi ke nan? To haɗa min."

Ya haɗa mata wata tsohuwa mai ƙugi, da batirin da zai riƙe ta in an ɗauke wuta, aka tura ta ƙarƙashin teburin guga. Abin da ta fara zubawa a ciki shi ne kaset ɗin Kaka. Lokacin da Baba yake saurayi ya yi aiki a nesa, Kaka kuma ba ta iya rubutu ba, sai ta riƙa yi masa magana a kaset tana aikawa. Guda ɗaya ne ya tsira, minti ashirin da biyu. Gwaggo ta mayar da shi cikin kwamfuta, sannan halin aiki ya motsa: ta sa shi a kunne ta buga kowace kalma a takarda, har sau uku, don ba ta yarda da kuskure. Baba, wanda idonsa ya fara rauni, sai ya zama kullum bayan karin kumallo ya taɓa wuri ɗaya a wayarsa ya ji muryar uwarsa. Mun roƙi Gwaggo ta tura mana kwafi a waya, ta ƙi. Ta ce muryar Inna ba za ta yi yawo ba.

Bayan sati biyu mai gyara ya nuna mata inda saba ke rubuta duk wanda ya nemi shiga. Ɗaruruwa ne a rana, daga wuraren da ba ta taɓa jin sunansu ba. Hankalinta ya tashi.

"Su wane ne? Me na yi musu?"

"Ba su san ki ba. Na'urori ne ke bi gida-gida suna taɓa ƙofa, ko za su dace da wadda aka manta a buɗe. Maganinsu fayawol. Ki ɗauke shi kamar mai gadi. Sabarki na da ƙofofi dubbai, kowace da lambarta, ke kuma biyu kike buƙata: wadda Alhaji yayanki ke jin kaset ta ciki, da wadda kike shiga ki yi gyara daga nesa."

Ya rubuta wa mai gadin layi uku: a bar ta farko, a bar ta biyu, sannan a hana kowa. Yana shirin yin bayani wani ya shigo da firinta a ka, magana ta tsaya nan. Gwaggo ta hau sama tana ƙunƙuni, domin layin nan na ƙarshe ya tsaya mata a rai. A ofis an koya mata, kuma ta koya wa na bayanta, cewa abu mafi muhimmanci shi ke zuwa farkon takarda, don oga ba ya karantawa har ƙasa. Yaya za a ce "hana kowa", wanda shi ne gaba ɗaya dalilin aikin, an bar shi a gindi?

Da aka sa ranar yi wa Baba aikin zuciya, muka tafi babban asibiti, tafiyar awa huɗu daga gidanta. Ƙarfe biyu na rana za a shiga da shi. Tun safe Gwaggo ke safa da marwa a baranda. Ta gyara wa marasa lafiyar da ba ta sani ba filo, ta jera kujerun jira, har wata nas ta ce, "Mama, don Allah ki samu wuri, kina sa min jiri." Wajen ƙarfe sha ɗaya ta rasa abin taɓawa, ta zaro ƙaramar kwamfutarta, ta ɗora a kan taga, ta shiga sabarta daga nesa. Ina kallon ta ta ɗauko layi na uku ta mayar da shi na farko. Ta danna, ta yi ajiyar zuciya. Allon ya tsaya cak, ta ce intanet ɗin asibitin ne.

Ba a yi minti goma ba Baba ya kira ni daga gado. "Kunna min Inna," ya ce. "Ina so in ji ta kafin su zo."

Na taɓa wurin da yake taɓawa, wayar ta yi ta juyi ba ta kawo komai ba. Na sake, na sake. Gwaggo ta fizge wayar ta gwada, ta koma kwamfutarta, nan ma shiru. Ta kira mai gyara, ta sa a lasifika, ta gaya masa abin da ta yi da ƙa'idar ofis ɗin da ta bi, tana haki.

"Kai, Hajiya!" ya ce. "Ai mai gadin nan halinsa ɗaya da ogan naki. Daga sama yake karantawa, layin farko da ya shafi mai ƙwanƙwasa a nan yake tsayawa. Kin ce a hana kowa, ya hana kowa, har ke. Yanzu sai an zauna gaban sabar an gyara. Ni kuma na yi tafiya sayo kaya, sai gobe."

Ta suri jakarta, makullin gidan na ƙara a ciki, ta nufi ƙofa. Na tare ta. "Gwaggo, in kin tafi yanzu ƙarfe uku za ki isa. Shi ƙarfe biyu zai shiga." Na ji haushinta a lokacin, ba zan ɓoye ba, har na so in gaya mata magana. Amma Baba ya riga ni.

"Auta," Baba ya ce a hankali, "me kika taɓa kuma?"

"Yaya, na kulle Inna a ciki."

Ta dawo daga bakin ƙofa. Sannan ta ajiye jakar a ƙasa, ta jawo kujera kusa da kansa, ta zauna. Ta rufe ido, yatsunta suka fara motsi a kan gwiwa kamar tana bugawa, sai ta soma. Gaisuwar Kaka, da yadda take jan sunansa. Labarin rufin ɗaki da ke yoyo, da maƙwabciyar da ta ari tukunya ta dawo da ita ba murfi, da gargaɗin ya riƙa rufe ƙirjinsa in ana sanyi. Har tarin da Kaka ta yi a tsakiya Gwaggo ta yi shi a inda yake. Baba na kwance, leɓunansa na bin ta.

Can ya ɗaga yatsa. "Kin tsallake wuri."

"Ina?"

"Bayan tukunya. Inda kike ta tsalle a bayanta."

Gwaggo ta yi dariya hawaye na zuba, ta gyara murya ta ce, "Ke Auta, zauna mana! Yarinyar nan ba ta zama, in ka dawo ka yi mata faɗa." Baba ya ce, "To, ga shi na yi." Ta ci gaba har ƙarshe, kuma ba ta tashi ba sai da suka zo suka tura gadonsa.

Baba bai farfaɗo daga aikin ba.

Da aka gama zaman makoki komai ya lafa, na raka ta gida. Ta durƙusa gaban teburin guga ta mayar da "hana kowa" ƙasa, inda yake. Ta tura wa kowannenmu kwafin kaset ɗin a waya ba tare da an tambaye ta ba. Mai gyara ya hau don dubawa, ya ga layin farko, na ƙofar da Baba ke shigowa.

"Hajiya, tunda kowa na da kwafi yanzu, gara a rufe wannan. Ƙofar da ba mai bi ba a barin ta a buɗe."

Tana goge allon da gefen mayafinta, ba ta ko juyo ba.

"Ta Yaya ce," ta ce. "Bar ta a sama."