Waƙar da Ta Riga Ni Shiga Takaba

Adabin Hausa nake koyarwa a wata sakandaren 'yan mata a Gwammaja. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne in sa yara su gane cewa mai magana a cikin waƙa daban, wanda ya rubuta ta daban. Da na gaji da bayani, sai na tsara musu waƙa da bakin mace mai takaba, alhali mijina yana nan garau, yana sayar da yadi a kasuwa. Da amsa-amon "na" na ɗaure ta: mijina, ɗakina, kukana. Shi da kansa ya taya ni. Ina rerawa yana buga faranti da yatsa, in kari ya karye ya ce, "Malama, nan kin yi tuntuɓe."

Na rera a aji, wata ɗaliba ta ɗauka a waya. Kan ka ce me, waƙar ta isa gidan su mijina a Dala. Mahaifiyarsa ta aiko a kira ni. Na durƙusa na gaishe ta, ko kallona ba ta yi ba.

"Ke, da bakinki kika ce mijinki ya mutu?"

"Hajiya, ba ni ba ce, matar cikin waƙar ce."

"Wace mata? Muryar wa na ji?"

Da na koma gida na gaya wa mijina, ya yi dariya, ya ce Hajiya za ta huce. Wallahi ba ta huce ba.

Da ciwon hanta ya kwantar da shi, sai danginsa suka zo da mota suka ɗauke shi, wai a can za a yi jinya. Kullum in na tashi daga makaranta sai in hau adaidaita da kwanon fate a cinya. Yayarsa ta tare ni a bakin ɗaki, ta karɓi kwanon, ta ce, "Ya yi barci." Alhali ina jin sa yana tari, yana tambaya wa ya zo. Wai bakina ne bai da kyau. Haba! Ni da na yi shekara da shekaru ina wanke masa kaya?

Har yau abin yana ci mini rai, kuma ban yafe ba. Ranar da ya cika, kansa yana kan cinyar yayarsa. Ni ina tsakar gida a kan tabarma tare da maƙwabta, sai salati na ji daga ɗaki, kamar kowa.