Yadda Na Mayar da Takwas Bakwai

Kafin in lalace, ni mai gyaran jikin mota ne, abin da ake cewa fanel bita. A Gusau na koyi sana'ar, kuma ko wanda ba ya ƙaunata ya san hannuna yana da kyau. Da iƙama, wato takardar izinin zama, ta halal na shiga Riyad, kafilina, maigidan da ya tsaya mini, ya sa ni a warsharsa, inda ake gyaran tsofaffin motoci. A unguwar Jaradiya nake kwana, ɗaki ɗaya da wasu direbobi 'yan gida. Ina salla a kan lokaci, ina aika wa mahaifiyata abin da ya samu. Ƙannena masu koyon sana'a, ba yunwa ce ta kai ni ga abin da zan gaya muku ba. Kada wani ya nema mini wannan uzurin.

Larabawan Riyad suna son tsofaffin motocin Amurka so mai tsanani. Mutum zai bar sabuwar mota a rana, ya lulluɓe wadda ta girme shi a inuwa. A wurinsu shekarar da aka ƙera mota ita ce darajarta, don haka na dage na koyi gane su. Akwai wata mai tambarin doki a gaba, ita na fi sani. Ta shekarar sittin da bakwai da ta sittin da takwas, in ka hango su sai ka rantse tagwaye ne. Amma ta takwas tana da 'yan fitilu a gefe, ta bakwai ba ta da su. Ta bakwai tana da sanduna da suka fito daga jikin dokin a ragar gaba, ta takwas an cire su. Sitiyarinsu ma daban ne. Lambar shasi kuwa, wadda ake bugawa a ƙarfen jikin mota, alƙalaminta na farko shi ke faɗin shekara. Har ta kai ana kirana daga wasu warshoshin in zo in duba mota in faɗi asalinta.

Wani abokin aikina mai fenti, Ilu, shi ya fara kawo shawarar. Mun sayi wata mota a wurin da ake zubar da matattun motoci, mai ƙaramin inji. Ya zaro tambarin babban inji daga aljihu ya ce, "Manna mata wannan. Wa zai buɗe ciki ya ƙirga?" Na manna. Aka saye ta ba wanda ya ce uffan. Ban ji komai a raina ba, kuma wannan rashin jin shi ne farkon ruɓewata. Daga tambari muka koma sauya fitilu, daga nan muka koma taɓa lamba, duk a bayan idon kafili.

Ana haka na haɗu da Alhaji Harisu a masallacin unguwarmu. Dattijo ne, a ƙasar aka haife shi, yana da shagon dabino a kasuwar Utaiƙa, amma Hausa ce a bakinsa tangaram. Da ya ji sana'ata sai ya riƙe hannuna ya ƙi saki. Ya kai ni gidansa, aka kawo gahawa da shinkafa da naman rago, ya zaunar da ni kusa da shi.

"Ɗana," ya ce, "mahaifina direban wani attajiri ne. Da ya tsufa, maigidan ya bar masa mota mai doki, koriya, ta sittin da bakwai. A cikinta na koyi tuƙi. Da ciwo ya kwantar da shi, ni da hannuna na sayar da ita don magani, bai kuma tashi ba. Shekaru nake nemanta. In tana nan a duniya, ina so in zauna a cikinta kafin in bi shi."

Na tambaye shi ko yana da lambar shasinta. Ya ce ina, a lokacin wa ke kula da wannan. Sai na ce, "To Baba, wace alama kake tunawa?"

Ya faɗa mini duka. Akwai ƙunar garwashin turare a kujerar direba ta wajen hagu. Akwai lotsawa a ƙasan ƙofar dama, ranar da ya goga ta a ƙyauren gida, mahaifinsa ya yi dariya maimakon faɗa. Yana ba da labarin idonsa na kawo ruwa, ni kuwa ina cin namansa ina haddace kowace kalma. Ban fita daga gidan ba sai da na gama shirya abin da zan yi.

Muka samo wata ta sittin da takwas wadda tsatsa ta cinye ƙarƙashinta. Na cire fitilun gefe, na toshe ramukan da fila, kwaɓin da muke cike lotsawa da shi. Na sauya ragar gaba da sitiyari. Na shafe takwas ɗin farkon lambar shasi na buga bakwai, wani ɗan damfara ya yi mana takardun da suka dace da ita. Ilu ya fesa mata kore, ya dusashe shi don ya yi kamar ya sha rana. Ƙarƙashin kuwa, inda ƙafar gaba ke riƙe da jiki, ƙarfen ya zama kamar gurasa. Na ga hakan da idona. Maimakon in yanke in yi walda, sai na shafe wurin da fila na bi da baƙin fenti.

Saura alamomin. Na sa guduma na lotsa ƙasan ƙofar dama. Na kunna sigari na danna a kujerar direba har ta ƙone. Ilu yana ta dariya, ya ce, "Wallahi kai Shaiɗan ma sai ya zo koyo wurinka." Ni ma na yi dariya.

Ranar da na kai masa ita, Alhaji ya zagaya ta a hankali. Ya durƙusa ya shafa ƙofar. Da ya buɗe ya ga ƙunar, sai ya zauna ya kifa kansa a sitiyari yana kuka kamar yaro, yana kiran sunan mahaifinsa. Ɗansa Faisal, wanda Larabci ya fi Hausa a bakinsa, ya ce a kai ta wurin masana su duba tukuna. Alhaji ya daka masa tsawa.

"Wannan ɗan'uwanmu ne, ɗan gida! Shi ne masanin. Ka ba shi haƙuri."

Faisal ya ba ni haƙuri, ni kuma na karɓa har da cewa ba komai. Don ya biya ni, Alhaji ya sayar da rabin shagonsa.

Bayan 'yan watanni aka tashi aurar da jikarsa a unguwar Nasim. Ya ce a motar mahaifinsa zai je ɗaurin aure, Faisal na tuƙi. Suna shan wata kwana ƙafar gaba ta ɓalle daga ruɓaɓɓen ƙarfen nan, motar ta daki dakalin titi. Faisal ya tsira da ƙujewa. Alhaji ya karye a ƙugu. A gefen motar kuma filar ta tsage ta zube, ramin fitilar da na toshe ya bayyana a fili. Faisal ya kira wani masani, mutumin ya kankare lambar shasi ya ga inuwar takwas a ƙarƙashin bakwai.

'Yan sanda suka same ni a warsha da rana tsaka. Ilu ya rantse cewa fenti kawai aka sa shi, bai san komai ba. Kafilina ya tofar da yawu a gabana ya juya baya.

A kotu aka turo Alhaji a keken marasa lafiya. Na yi zaton zai zage ni, na ma so ya zage ni. Sai ya dube ni ya ce da Hausa don ni kaɗai in ji:

"Ba ƙuguna ne ya fi yi mini ciwo ba. Kullum da safe nakan shiga motar nan, in ɗora hannuna a kan ƙunar, in yi wa mahaifina addu'a. Jiya aka gaya mini ƙunar sigarinka ce."

Na buɗe baki na ce, "Baba, ka yafe..." Ya ɗaga hannu. "Kada ka sake kirana Baba."

Aka yanke mini hukunci. Ba zan cika ku da labarin kurkuku ba. Akwai zafi, akwai cunkoso, akwai wari, amma ba abin da ya kai ni kaina ƙazanta a wurin. Ɓarayin da ke ɗakinmu sukan ba da labarin ta'asarsu suna alfahari. Ni ban taɓa faɗin tawa ba, don na san ko su za su matsa daga kusa da ni. A can na koma ga Allah, ba don na zama mutumin kirki ba, sai don ba ni da wani wurin zuwa.

Da wa'adina ya cika aka sa ni a jirgi aka dawo da ni gida, an haramta mini komawa. Na nemi lambar Faisal na kira, ina so ya haɗa ni da mahaifinsa. Ya ce Alhaji ya rasu, kuma tun daga hatsarin bai sake taka ƙasa da ƙafarsa ba. Na tambaya ko ya ambace ni. Ya ce, "La," wato a'a, ya kashe wayar.

Yanzu ina gyaran motoci a gida, kuma duk inda na ga tsatsa sai na kira mai motar na nuna masa. Na tuba, ina fatan Allah Ya karɓa. Amma hakkin Alhaji Harisu yana nan yana jirana, kuma wanda zai iya yafe shi yana cikin ƙasa.

Ku matasa masu koyon sana'a, ku ji ni. Ilimin da zai sa ka gane gaskiyar abu, shi ne dai zai ba ka ikon ɓoye ta, kuma ba wanda zai tsaya a kanka ranar da za ka zaɓa. In abokin aiki ya miƙo maka ƙaramar ƙarya ya ce wa zai sani, ka mayar masa da ita tun tana ƙarama. In kuma wani ya yarda da kai don kuna yare ɗaya, ya buɗe maka abin da ke cikin zuciyarsa, ka ji tsoron Allah a kansa fiye da kowa. Ku nemi yafiyar mutane tun suna da rai. Ni na makara.