Ƙofar da Muka Rufe wa Masu Garka

Ban taɓa mantawa da safiyar da muka rufe ƙofa ta ƙarshe a madatsa ba. Shekarar fari ce, zamanin mulkin soja, ina ƙaramin ma'aikaci a sashen ruwa na Yamai. Kogi ya janye har mutane na ƙetare shi da ƙafa.

Ga wanda bai san aikin ba, madatsar tana da ƙofofi, kuma alluna na katako ake zurawa a cikinsu, ɗaya bisa ɗaya, don ruwa ya taru a baya ya hau. In ya sauka ƙasa da bakin bututun da ke kai shi gari, injin ya shaƙi iska, famfo ya ɗauke daga unguwar Filato har ta Bukoki.

Duk ƙofofin mun rufe sai guda ɗaya, wadda shef ɗinmu, wato shugaban aikinmu, Mushe Iliya, mutumin Tawa, ya bari saboda masu garka, wato masu noman lambu, da ke ƙasa da mu. Ran nan wani kaftin na soja ya zo, ya daɗe yana duban sandar awon ruwa.

"Saura nawa ruwa ya saki bututu?"

"Taƙi ɗaya, ranka ya daɗe," in ji shef.

"A rufe waccan."

Shef ya ce, "Akwai garake a ƙasa, albasarsu ba ta ƙosa ba."

"Na gan su a hanya. A rufe kafin azahar."

Muna ɗaura wa allon igiya sai ga Baba Hamani, tsohon da garkarsa ke farko bayan madatsa, ya hauro gaɓa ya tsaya. Shef ya je ya gaishe shi, ya kasa dubansa.

"Baba, umarni ne."

"Na sani," in ji shi. "Ɗiyata tana aure a Bukoki, ga ta da goyo. Famfo suke sha."

Ya naɗe hannun riga ya kama igiya tare da mu. Muka sauke allon a hankali har ƙarar ruwa ta yanke. Daga nan ya koma ya shiga cire albasarsa ɗanya. Gari bai rasa ruwa ba har damina. Garaken kuwa duk suka bushe.

Na yi shekaru ina wannan aiki, kuma abin da nake gaya wa sababbi ke nan: allo ba ya ƙara ruwa ko cikin cokali. Duk abin da ya hau a bayanka, daga hannun wani ka karɓe shi. Kafin ka zura, sauka ƙasa ka san ko wane ne.