Wata Shida Ba Takarda

Lokacin da masaƙar da nake aiki a Kakuri ta rufe, ina zaune a gida mai ɗaki uku a Narayi, rabinsa nawa, rabi na banki. Sojoji sun koma bariki, 'yan siyasa sun dawo suna ta alkawarin za a raya masaƙu, mu kuwa aka manna mana takarda a bakin ƙofa cewa kowa ya je gida sai an neme shi. Shekara goma sha tara ina gyaran injin saƙa, ko sisin sallama ba a ba ni ba.

Rancen gidan daga albashi ake cire shi duk wata. Ranar da na karɓa sai da na kawo garanto, wato wanda zai sa hannu ya tsaya mini, in na kasa biya a kama shi. Yayan matata ne ya tsaya, malamin firamare a Unguwar Mu'azu. Kowa Malam yake ce masa, shi kuma Injiniya yake ce mini. Irin mutanen nan ne da in ka taka musu ƙafa su za su ba ka haƙuri. Ko karanta takardar bai yi ba, ya sa hannu ya ce mu yi sauri kada ya makara aji.

Da albashi ya yanke, na tafi bankin. Jami'in da ke riƙe da fayil ɗina ɗan cocinmu ne, yana cikin mawaƙa, na ci shinkafar bikinsa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Baba, kwantar da hankalinka. Ka dakata da biya wata shida, fayil ɗin yana hannuna. In ka samu abin yi sai ka ci gaba." Na yi ta godiya har na rasa ta cewa.

Na dawo gida ina washe baki, matata ta ɗago daga accan da take wankewa ta ce, "Ya rubuta maka?"

Na hau ta da faɗa. Mutum ya yi maka alheri, ka ce masa ya rubuta? Ai ka kira shi maƙaryaci ke nan. Ranar Lahadi da wane ido zan dube shi? Ta ce, "To, Allah ya kyauta," ta ci gaba da aikinta. Ina da saurin fushi, na san halina, kuma ya fi tashi a ranar da ba ni da gaskiya.

Na koma gyaran janareta a bakin titi, wata rana a samu, wata rana a rasa. A wata na bakwai na haɗa ɗan abin da ya samu na nufi bankin. Na tarar an sauya allo, an sauya fenti, an haɗe shi da wani banki. Wata budurwa ce a kujerar ɗan cocinmu. Ta danna kwamfuta ta ce, "Oga, sunanka yana cikin waɗanda suka ƙi biya."

"Ban ƙi ba. Cewa aka yi in dakata."

"Ina takardar?"

Na ce a kira mini wanda ya faɗa. Ta ce yana cikin waɗanda aka rage satin da ya wuce. Sai a lokacin na gane abin da ya sa ban gan shi cikin mawaƙa ba ranar Lahadi. Na ɗaga murya har mai gadi ya leƙo. Ita ko gezau, cikin ladabi ta ce, "Baba, ni na yarda da kai. Amma daga hedikwata aka sa, ba ni da ikon gogewa." Aka tsaya a kan in riƙa biya kaɗan-kaɗan, da ruwa da tara a kai. Ba a ƙwace gidan ba. Na fito ina ganin wahalar tawa ce ni kaɗai, zan ɗauka.

Ashe Malam yana da nasa shirin. Yana da fili a bayan Narayi, kuma duk ranin nan kowace Asabar yana can yana buga tubalin ƙasa da hannunsa. Ya kai ginin har linta, ya kafa katakon ƙofofi da tagogi. Saura kwano da katakon rufi, kuma ya dogara ne ga rancen ma'aikata daga bankin da ake biyansa albashi. Bayan haɗewar, bankinsa da nawa sun zama ɗaya. Ya cike takarda, aka danna sunansa, nawa ya fito a manne da shi. Aka hana shi. Bai gaya mini ba, matarsa ce ta faɗa wa tawa a taron zumuntar mata. An ce kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, ni na ɗebo, bakin Malam ya ƙone.

Ginin ƙasa ba rufi, ga hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Na bazama neman ɗan cocinmu, na same shi a Nasarawa ƙarƙashin laima yana sayar da katin waya. Ya ji kunya, na ji kunya. Ya yagi takarda daga littafin cinikinsa ya rubuta cewa shi ya ce in dakata, ya sa hannu, ya ce, "Baba, amma fa ba ni da hatimi." Na kai wa budurwar. Ta karanta har ƙarshe ta miƙo mini, ta ce yanzu shi ba ma'aikacinsu ba ne. In ana so a saki sunan Malam, ko in biya duk abin da ya taru a lokaci ɗaya, ko in kawo wani garanton mai albashi. Abokaina kaf 'yan masaƙa ne, ba mai albashi, muna zaune tare a gindin mangwaro. Na je wurin Fasto, ya yi mini addu'a mai tsawo. Har na yi tunanin cire kwanon ɗaki ɗaya daga gidana in kai masa, matata ta tuna mini kwanon ma yana cikin jingina.

Na sayi leda mai kauri muka rufe kan bangon, muka danne da duwatsu. Iska ta farko ta kwashe ta. Na ce, "Malam, ni na jawo maka wannan." Ya ce, "Haba Injiniya, ai ba da gangan ba ne." Wallahi da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Ban taɓa jin na zama banza kamar a makonnin nan ba, in na ji tsawa sai in fita in tsaya ina duban sama.

A watan Agusta aka yi kwana uku ana ruwa ba ƙaƙƙautawa. Da aka ɗauke, na taka zuwa filin da safe. Bango biyu sun zube, sauran sun rabe suna jiran lokaci. Malam ya naɗe wando har gwiwa, yana tonon katakon ƙofa daga cikin taɓo. Ya ɗago ya gan ni.

"Injiniya, ka zo a daidai. Kama mini can."

Na kama, muka ja ya fito. Ya share masa laka da tafin hannu, ya duba ko ya tsage, sannan ya ce, "Ko zan ajiye shi a wurinka? Kai kana da rufi."

Ba da wata manufa ya faɗa ba, katakon yake ji kada ya ruɓe. Na ce to. Muka ɗauka, shi a gaba ni a baya, muka bi ta cikin taɓon har ƙofar gidana.