Mai Ramuwa a Shagon Gwallaga

A wani shagon gyaran kwamfuta a unguwar Gwallaga, Ni'ima na jiran a sa mata sabon batir, amma hankalinta na kan wani mutum a lungu. Dogo ne siriri, hularsa ta karkace, shayinsa ya huce bai kurɓa ba. Taswirar wani wasan kwamfuta na Yaƙin Duniya na Biyu ce a gabansa, yana sauya ƙa'idojin wasan, yana dukan madannai kamar sun yi masa laifi.

"Malam, wasa kake yi ko gyara?"

"Ramuwa, Hajiya," in ji shi, bai ko ɗago ba. "Jiya abokin karawata Tunji ya ratsa hamada da tankoki ba ɗigon mai, ya cinye ni, jama'a na ta dariya. A wane yaƙi aka taɓa haka? Kakana direban soja ne a ƙasar Bama lokacin wannan yaƙin. Ya ce ranar da mai ya yanke, mota kabari ce."

Ni'ima na zaton ba dariyar ce ke cin ransa ba, wahalar tsohon ce da wasan ya mayar banza.

Ya gwada gyaran, tankoki suka tsaya cak cikin yashi. Sai ya ɗauki waya.

"Tunji? Ka zo bayan la'asar. Ka taho da masu dariyar."