Sunan da Yaya Ilu Bai Taɓa Faɗa Ba

Bana shekara tara ke nan da rasuwar yayana Ilu, mai gyaran injin niƙa a garin Babban Mutum, kuma wallahi har yau in na ji ƙarar inji sai gabana ya faɗi.

Rumfa biyu gare shi, ɗaya a gida, ɗaya a wata kasuwa a tsallaken iyaka, cikin Nijar. Shi ne mai sana'ar, shi ne ma'aikacin. In an tambaye shi ina kamfaninsa, sai ya daki ƙirji yana dariya.

Kwanan nan na ji a rediyo ana tattauna wani daftarin doka: mai sana'a shi kaɗai ya yi rajista sau ɗaya, a san da shi a ƙasashen biyu. Wannan kam da Yaya na raye da ya so shi, don ya sha wahalar bayanin kansa a bakin iyaka. Amma an ce dole mutum ya ambaci wanda zai riƙe sana'ar bayansa. Nan ne na kashe rediyon, na zauna ina hawaye.

Yaya mutum ne mai kunyar ɗan fari. Habu, babban ɗansa, tare suke tsallakawa tun yana ƙarami har ya yi gemu, amma ko sau ɗaya bai ce wa kowa a can ɗansa ne ba. "Yaron nan," shi ke nan. Na sha yi masa tsiya, ya ce in bar shi da halinsa.

Bayan sadakar arba'in Habu ya je buɗe rumfar ta Nijar. Shugabannin kasuwar suka yi masa ta'aziyya, suka ce su dai a yaron shago suka san shi. Kafin mu haɗa shaidu mu kai, an ba wani wurin. Ba mugunta suka yi ba, abin da suka ji daga bakin mai rumfa suka bi.

Masu daftarin nan, don Allah su tuna da irin su Yaya. A sauƙaƙa, a yi da Hausa, a bar mutum ya rubuta abin da bakinsa ba zai iya faɗa ba.

Na kai wa Habu labarin daftarin a Daura, inda yake gyara a rumfar wani yanzu. Ya daɗe yana goge hannu da tsumma.

"Gwaggo, rumfar ba ta dame ni ba," ya ce. "Da ma dai in ga sunana a rubutunsa."

Allah Ya jiƙan Yaya Ilu.