Baba Tazara da Ruwan Laraba

Kafin ƙarfe bakwai Baba Tazara ya buɗe ɗakin gwaji. Zai wanke kofunan gilashi, ya goge allurar ƙarfen, ya duba zafin ɗakin da laimarsa, sannan ya kunna na'urar filasma. Wani ɗan tartsatsi ne kamar ƙaramar walƙiya, yana tsayuwa tsakanin allura da fuskar ruwa, yana fizgo naitirojin daga iska yana zuba shi ciki, har ruwan ya zama abin da ake bai wa tsiro kamar taki. Shekara talatin da ɗaya Baba yana wannan ɗaki. Sunan kuwa ɗalibai ne suka laƙaba masa, don ko gaisuwa ba ya bari ka gama sai ya ce, "Tazarar allurarka da ruwan nawa ce?" Matsar da ita kaɗan, ko ƙara iska, ko barin wuta ta daɗe, duk suna sauya abin da zai shiga ruwan, shi kuma ba ya yarda da "kamar na jiya ne".

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganar Maman 'Yan Biyu, wata ɗaliba mai neman digiri na uku. Shekara huɗu tana awon sinadarai biyu a ruwan, naitirait da naitiret. A ruwan Litinin naitirait ta yi yawa, a na Laraba ta kusa ɓacewa, alhali na'ura ɗaya ce, tazara ɗaya. Kwamitin jarrabawa ya ce a zaune ta ƙirƙiro lambobin, aka ba ta mako biyu ta kare kanta ko a kore ta. A gabanmu ta zauna bakin ƙofa tana share hawaye da gefen mayafi, mu malamai masu manyan takardu kuwa kowa ya kama gabansa.

Baba ne ya jawo kujera. "'Yata, ranar Laraba in kin kashe wuta, ina kike zuwa?"

"Ɗauko yara makaranta, Baba. Babansu ba ya nan Laraba."

"Awon fa?"

"Sai na dawo."

"To, share hawayenki. Ba ƙarya kika yi ba, ruwan ne bai jira ki ba."

Washegari ya tari Farfesa, shugaban kwamitin, a kan matakala, ya ce ranka ya daɗe a ara masa awa biyu. Ya kunna wa kofi guda wuta, ya raba ruwan gida biyu, ya auna rabi nan take, ya ajiye rabi. Ruwan da filasma ta taɓa yana yin tsami, in ya zauna cikin tsamin nan naitirait sai ta riƙa rikiɗewa tana komawa naitiret. Rabin farko ya ba da lambar Litinin, da aka auna rabin da aka ajiye kuwa, sai ga lambar Laraba ta fito. Farfesa ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya ce a sake. Aka sake sau uku.

Baba, kai ne mai maƙullin ɗaki da ya ga abin da ya wuce wa kwamiti, don kai kana kallon mutane, ba takarda kaɗai ba. Kai ne ka tsaya wa matar da ba 'yarka ba, a ranar da tsayawa kusa da ita ma abin gudu ne. Na ji kunyar kaina a ranar, har yau ina ji.

Ta gama digirinta, kuskuren Laraba ya zama babi mafi ƙarfi a kundin. A ƙarshen watan nan Baba zai ajiye aiki. Mun gode, Baba, Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka hutu mai daɗi. Mu da muka rage kuma, kafin mu ce wani ya yi ƙarya, mu jawo kujera mu tambaye shi yadda ranarsa take tafiya.